Matakai Goma na Auna Manhajar Waƙa, Yadda Inusa Direban Zermu Ya Yi

Matso nan, malam. Kai nake nufi, mai sabuwar waya da har yanzu ba ka ɓare ledar fuskarta ba. An ce maka akwai wata manhaja mai waƙa miliyan ɗari da hirarrakin duniya, watan farko kyauta, daga nan ka riƙa biyan abonma duk wata, kai kuma ka rasa gane ko za ta ci kuɗinta. To ka zo inda ya dace. Ni ne Ari, ɗan kamasho a tashar motocin Zermu nan Damagaram, shekara goma sha tara ina cika mota da bakina. Mutumin da ya iya sa tsohuwa ta yarda cewa saura mutum ɗaya mota ta tashi, alhali ita kaɗai ce a ciki, ai ba ka raina shawararsa ba.

Na ba ka tabbaci: bi matakan nan goma ɗaya bayan ɗaya, kafin watan kyauta ya ƙare za ka san darajar manhajar nan har cikin ƙashinka. An gwada, a gabana aka gwada, kuma Inusa ne ya gwada. Sunan manhajar kuwa ba zan faɗa ba, don ba su ba ni kamasho ba.

Mataki na 1: Ka fara da samun abin da za ka iya rasawa

Sikeli gefe biyu gare shi. Kafin ka ɗora manhaja a gefe ɗaya, dole akwai abin da zai zauna a ɗayan.

Inusa yana da shi. Direba ne, ɗan shekara talatin da 'yan kai, motarsa farar bas ce mai ɗaukar mutum goma sha takwas a takarda, ashirin da biyar idan ni na cika ta. Hanyarsa Damagaram zuwa Zermu, garinsu. A cikin wayarsa akwai ɗan kart ɗin ajiya, bai fi farce ba, wanda Salisu mai tura waƙa yake cika masa. Salisu yana da rumfa a Zango: tebur ɗaya, benci ɗaya, da wata tsohuwar ordinater, wato kwamfuta, mai tari kafin ta tashi. Ka kai masa kart, ya dubi fuskarka, ya zuba maka abin da ya dace da kai. In ya ga ka ɗaure fuska ya san an yi faɗa a gida, sai ya ƙara maka waƙoƙin ban haƙuri ba tare da ya tambaye ka komai ba. Shekara tara yana yi wa Inusa haka.

A cikin waƙoƙi ɗari bakwai da ke kart ɗin akwai guda ɗaya wadda ba mawaƙi ya yi ta ba. Inna Larai ce, mahaifiyar Inusa, tana jan waƙar daka ranar da ake shirin sunan jikarta, mata bakwai suna yi mata amshi da taɓare a hannu. Inusa ya ɗauka da wata 'yar ƙaramar waya ta lokacin, ko minti huɗu ba ta cika ba. A ƙarshe ana jin tsohuwar ta katse waƙar tana cewa, "Kai Inusa, ajiye abin nan ka kawo mini ruwa!" Damina biyu bayan haka Allah ya yi mata rasuwa. Ko hoton kirki ba ta bari ba, sai wannan murya.

Duk ranar kasuwar Zermu, da zarar mota ta sauka daga kwalta ta kama hanyar ƙasa, ana sa waƙar. Yayar Inusa, Husaina, mai sayar da man gyaɗa a nan birni, ita ke zama kujerar gaba ranar, ita ke cewa, "Inusa, sa Inna." Kuma ba ta biyan kuɗin mota. Sau nawa na yi magana, kujerar gaba fa ita ce mai tsada, amma wa ya saurare ni?

Kai ma ka binciki kanka. In ba ka da irin wannan abu, ka ajiye takardar nan, awonka ba zai yi armashi ba.

Mataki na 2: Ka sauke manhajar a bainar jama'a

Kar ka kuskura ka sauke ta kai kaɗai a ɗaki. Mene ne amfanin wayewa in ba wanda ya gani? Inusa a tsakiyar tasha ya yi nasa, da hantsi, bakin teburin mai shayi, direbobi shida suna leƙe ta kafaɗarsa.

Ta tambaye shi sunansa, ya rubuta. Ta tambaye shi mawaƙan da yake so, ta jero masa fuskoki kusan arba'in, bai san ko ɗaya ba. A nan gwani yake bambanta da ɗan koyo: kar ka nuna ba ka san su ba. Inusa ya danna duk wanda ya sa baƙin gilashi, don a ganinsa ƙaramin mawaƙi ba ya sa gilashi a hoto.

"Waƙa nawa ka ce?" in ji mai shayi.

"Miliyan ɗari."

"To yaushe za ka gama ji?"

"Ai ba don a gama ake yi ba. Don a san kana da su ne."

Haddace wannan amsa, har a gidan surukai za ta yi maka amfani.

Kuma tsakani da Allah, abin ya yi. Sauti garau, ba shuu, ba wani mai talla da ke kiran sunan rumfarsa a tsakiyar waƙa. Inusa ya rubuta sunan wata tsohuwar waƙa da yake nema tun yana koyon mota, ta fito kafin ya ɗauke yatsa. Ya ji ta sau shida a jere. Ranar ko abincin rana bai nema ba.

Mataki na 3: Je ka sanar da mai tura maka waƙa cewa zamaninsa ya wuce

Kana iya daina zuwa kawai, shiru, kamar mai mutunci. Amma in ka yi haka, ta yaya zai san ka ci gaba?

Inusa ya hau kabu-kabu takanas har Zango. Ya tarar da Salisu shi kaɗai, yana goge ƙurar ordinater da tsumma.

"Mutumina!" in ji Salisu. "Kawo kart ɗin, jiya sababbi suka shigo daga Kano."

"Bar su, Salisu. Sababbin nan naka ni tun shekaranjiya na ji su." Ya ɗaga waya sama. "Waƙa nawa ke cikin tsohuwar nan taka?"

"Za su kai dubu arba'in."

Inusa ya tuntsure da dariya har da dukan cinya. "Dubu arba'in! Wallahi ka nemi wata sana'a tun da wuri. Yanzu waƙa a iska take, kowa ya miƙa hannu ya kama."

Salisu bai yi fushi ba, kuma abin da ke ba ni haushi da shi ke nan: mutum ne da ba a jin daɗin yi masa rashin kunya. Ya dubi bencinsa da tun safe ba wanda ya zauna, ya ce, "Na sani. Kai ne na goma sha ɗaya da ya bar ni a watan nan." Sannan ya ƙara da cewa, "Kart ɗin dai ka kula da shi. Akwai Inna a ciki."

"Inna tana cikin waya."

"A kart take. Ni na mayar da ita da hannuna, sau uku, duk lokacin da ka canja waya."

"To, to, na ji," in ji Inusa, yana hawa kabu-kabu. Irin "na ji" ɗin da ake ce wa likita in ya hana sukari.

Mataki na 4: Gwada ɓangaren hira, a san kai ba mutumin kiɗa kawai ba ne

Manhajar ba waƙa kaɗai gare ta ba. Akwai abin da suke kira podkas, wato mutum biyu su zauna su yi ta surutu ana ɗauka, abin da muke yi a tasha kyauta tun ba a haife su ba. Zaɓi na Faransanci. Kar ka damu don Faransancinka ya tsaya a aji huɗu, inda na Inusa ya tsaya ranar da ya bar lakkol ta taga.

Wata safiya ya sa wa fasinja. Namiji da mace suna magana da sauri, suna dariya, suna kiran lambobi. Inusa yana gyaɗa kai, wani lokaci har ya ce, "Ƙwarai kuwa."

Wani dattijo da ke bayansa ya taɓa shi. "Direba, me suke cewa?"

"Baba, maganar tattalin arziki ce. Sun ce bana gyaɗa za ta yi tsada."

Mota ta kaure. Wani ya rantse buhunansa biyar ba zai sayar ba sai bayan Sallah. Wata ta ce ita dama ta yi mafarki. Can daga kujerar baya wani mushen lakkol, malamin makaranta mai biro a aljihu, ya yi gyaran murya.

"Malam direba, ka yi haƙuri. Yadda ake goge wa kare haƙori suke koyarwa."

Sai wata tsohuwa ta saki salati. "Kare? Da asuwaki?"

Kar wannan ya karya maka gwiwa. Darasin a nan shi ne ka riƙa duba fasinja kafin ka fassara, duk mai biro a aljihun gaba abin tsoro ne. Sai dai ka sani, manhajar ba ta mantuwa. Tun daga ranar ta yanke hukunci cewa Inusa mutumin karnuka ne. Kullum ya buɗe ido da safe sai ta tarbe shi da sabon shiri: wankan kare, abincin kare, abin da za ka yi in karenka ya shiga damuwa.

Mataki na 5: Kai ta inda ba rezo, wato ba sabis

Kowace manhaja jaruma ce a cikin birni. Kai ta ƙauye ka gani.

Ranar kasuwa ta zo. Na cika motar dam, jarkokin man Husaina a sama, ita a gaba. Tun daga tasha manhaja ke zuba kiɗa, har matan baya suna rausaya. Mota ta sauka daga kwalta, ba a yi nisa ba, mawaƙin ya tsaya cak a tsakiyar kalma. Wani ɗan zobe ya fito a fuskar waya yana ta juyi.

"Direba, mai gilashin naka ya shaƙe ne?" in ji wani.

Inusa ya fitar da waya ta taga, ya ɗaga ta sama, ya karkata ta gabas. Zobe yana juyi abinsa.

"Kai, riƙe sitiyari da hannu biyu," in ji Husaina. "Ka sa Inna."

Ya sa. Aka ji taɓare suna sauka, dum, dum, sai muryar tsohuwar ta taso, siririya mai kaifi:

"Geron Zermu ba ya jin lallashi."

Matan motar suka ɗauka gaba ɗaya, don rabinsu sun yi daka da ita: "Sai taɓarya, Larai!"

Suna amshi suna dukan bayan kujera. Da aka zo ƙarshe, Inna ta ce a ajiye abin nan a kawo mata ruwa, Inusa ya ce a hankali, kamar kullum, "To, Inna." Husaina ta share ido da bakin mayafi, ta yi dariya, ta ce abin da take faɗa duk mako: "Ruwan nan har yau ba ka kai ba."

Mai hankali zai ce alhamdu lillahi, kart ya fitar da shi kunya. Kai kar ka zama mai hankali, muna tsakiyar awo ne. Inusa ransa ya ɓaci matuƙa, don a gaban mutum ashirin da biyar aikin Salisu ya kayar da miliyan ɗari.

Mataki na 6: Nemi wuri, ka goge duk abin da ya tare hanya

Ga kuma forfe, wato datar da ake saye. Wanda yake kai Inusa wata guda, manhajar ta lashe shi a kwana huɗu, ta sha ruwa. Amma tana da magani: ta ce ana iya sauke waƙoƙi a ajiye, a ji su ko a tsakiyar daji. Inusa ya danna. Waya ta ce ba wuri. Ya duba, ashe kart ne ya cika maƙil da kayan Salisu.

Yanzu ka natsu, nan ne gwanintar take. Wayarka za ta tambaye ka, da Faransanci, ko ka tabbata kana son goge komai. Kar ka karanta. Za ta sake tambaya, da jan rubutu. Kar ka karanta wannan ma, jan rubutu don matsorata ake yin sa. In wata murya a ranka ta tuna maka maganar mai rumfa, ka ce mata da waya ka ɗauki Inna, don haka a waya take. Haka Inusa ya ce wa tasa muryar, yana zaune a inuwar mota yana cin gyaɗa.

Ya danna sau biyu. Kafin ya tauna gyaɗar da ke bakinsa, aikin shekara tara ya tafi.

Ya cika wurin da waƙoƙin masu baƙin gilashi ɗari shida. Manhajar kuma, don kirki, ta ƙara masa shirin karnuka guda takwas.

Mataki na 7: Kar ka duba komai sai ranar kasuwa

Wannan ba labari aka ba ni ba, ina cikin motar, zan je suna a Zermu.

Aka sauka daga kwalta, kiɗa bai tsaya ba. Inusa ya waiwayo yana murmushi. "Kun ji? Ina zoben yake yau?" Aka yaba masa, har da tafi.

"To madalla," in ji Husaina. "Sa Inna."

Ya shafa waya da yatsa ɗaya. Ya sake shafawa. Ya rage gudu. Ya sauka gefen hanya ya tsaya, ya kama wayar da hannu biyu, ya shiga nan, ya fita can. Daga inda nake ina ganin gumi yana gangaro masa ta bayan kunne.

"Inusa," in ji Husaina, "ka goge ta?"

Ya ci gaba da shafa waya.

Na so ta yi masa ihu, wallahi na so. Husaina tana da baki, na sha gani a kan kuɗin jarka. Amma ina! Ta juya fuska ta taga. Wata tsohuwa a baya, don ta gyara, ta ɗaga murya ta ce, "Sai taɓarya, Larai," amma amshi ne ba mai ja, sai ta bar shi nan. Haka muka shiga Zermu, mutum ashirin da biyar, ba abin da ake ji sai kukan jarkoki a sama.

Da aka sauke kaya, Husaina ta kwance haɓar zanenta, ta zagayo ta tagar direba.

"Malam direba, ga kuɗin kujerar gaba."

"Haba Yaya!"

Ta ajiye masa a cinya ta tafi. Da yamma ta shiga wata mota daban ta koma birni. Shekaru ina jiran kuɗin kujerar nan, ranar da suka zo na kasa karɓar kamashona a ciki.

Mataki na 8: Tambayi manhajar, ai an ce tana da komai

Wannan shi ne ainihin gwajin, don haka ka yi shi da kyau. Inusa ya rubuta "Larai Zermu". Ta ce ba ta samu ba. Ya rubuta "waƙar daka". Ta kawo masa wasu mata daga wata ƙasa suna buga ganga. Ya rubuta "Inna" kawai, kamar mai kira daga ƙofar gida, ta jero masa mawaƙa goma sha biyu da ba su san hanyar Zermu ba. A ƙasa kuma ta tambaye shi ko yana son sabon shiri kan ƙuman kare.

Ya kai wayar wurin masu gyara uku. Duk bakinsu ɗaya: da bai zuba sababbi a kai ba, da an gwada. Masu gilashi sun zauna a kan Inna, ba ta tonuwa.

Saura wuri ɗaya, kuma ya san shi sarai. Amma da wace fuska? Kwana tara Inusa yana zagaye Zango kamar akwai jandarma a ciki. Ranar kasuwa ta sake zuwa, Husaina ta wuce motarsa ko kallo babu, ta shiga wadda ke bayanta a layi. Ya rame, ya daina zama teburin mai shayi. Manhajar tana nan tana zuba waƙa garau, shi kuma ba ya jin komai.

Mataki na 9: Koma inda ka yi rashin kunya

Ba sai na koya maka tafiyar ba, ƙafarka za ta iya. Ka dai bar wayar a aljihu.

Inusa ya tarar da rumfar ba tebur. Salisu yana ɗaure benci da igiya.

"Ina ordinater?"

"Na sayar. Wani mai shagon hoto daga Takieta ya ɗauka shekaranjiya. A gabana aka goge ta tas."

Inusa ya zauna a ƙasa, a cikin ƙura, da farar shaddarsa. "Salisu, na goge Inna."

"Na ji. Zango ba ta da nisa da tasha."

Ya ci gaba da ɗaurin bencinsa. Ya ja igiya, ya ƙulla, ya gwada, ya kwance, ya sake ƙullawa. Ni na ce da gangan ya yi, kuma ban ga laifinsa ba. Sai da ya gama tsaf, sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da kwalin ashana. A ciki akwai 'yan kart kusan ashirin, kowanne a naɗe cikin takarda da suna a jiki. Ya tona da yatsa ya ciro ɗaya. An rubuta: INUSA, INNA.

"Waƙoƙin mawaƙa na bar su sun tafi," in ji Salisu. "Suna iska, kamar yadda ka ce, kuma gaskiyarka ce. Waɗannan ne ba sa iska. Wannan muryar baban wani ce daga Makka. Wannan kukan farko na 'yar wata. Mako guda na yi ina tsince su kafin in sayar."

Inusa ya karɓa da hannu biyu. "Na yi maka rashin mutunci, Salisu."

"Ka yi."

"Ka yafe mini."

"Na yafe. Ni tawa uwar ba wanda ya ɗauka. Taka nake sawa wani lokaci, in rumfa ba kowa." Ya mayar da kwalin aljihu ya ɗaga benci a kafaɗa. "Daga gobe ina kan kabu-kabu. In ka ga mai neman nasa, ka ce yana wurina."

Mataki na 10: Yanzu ka auna

Ranar kasuwa ta ƙarshe a watan kyauta, Husaina ta nufi motar baya kamar makon jiya. A nan na yi aikina. Na tare ta na rantse mata cewa waccan ta cika, alhali ko direbanta bai iso ba. Ta harare ni, ta shiga ta Inusa, amma can kujerar baya, kusa da buhun albasa. Kujerar gaba na sayar wa wani ɗan kasuwa mai ƙaton ciki. Ni ma na maƙale a bakin ƙofa, don wannan ba a ba ni labari.

Manhaja ta yi kiɗanta har ƙarshen kwalta. Da tayoyi suka taɓa ƙasa, Inusa ya kashe ta. Ba wanda ya ce a sa komai. Sai aka ji dum, dum.

"Geron Zermu ba ya jin lallashi."

Matan suka kasa ɗauka a karon farko, mamaki ya riƙe su. Murya ɗaya ce ta fito, daga wajen buhun albasa: "Sai taɓarya, Larai."

Daga nan mota ta ɗauka, har ɗan kasuwar da bai san kowa ba yana dukan ƙofa. Aka zo ƙarshe. "Kai Inusa, ajiye abin nan ka kawo mini ruwa!"

Ya ce, "To, Inna." Ya taka birki, ya ajiye waya, ya fita. Daga ƙarƙashin kujerarsa ya jawo jarkar ruwan sanyi da ya naɗe da jiƙaƙƙen buhu tun safe, da kofi. Ya zagaya baya, ya fara miƙa wa yayarsa. Sannan ya bi fasinja ɗaya bayan ɗaya, yana cewa sadaka ce, a yi wa Inna addu'a.

Husaina ta shanye, ta dube shi, hawaye har haɓa. "Sai yau ruwan ya iso."

Ta sauko ta zagayo gaba, ta ce wa ɗan kasuwar ya yi haƙuri, wurinta ne. Ya koma wajen albasa yana gunaguni. A Zermu ta sauke jarkokinta ta yi gaba, ko sisi ba ta bayar ba, kuma ban taɓa jin daɗin asara irin ta ranar ba.

To ga sakamakon awo, tunda shi ka zo nema. Inusa bai goge manhajar ba, yana biyan abonma, ya ce daga tasha zuwa ƙarshen kwalta ta ci kuɗinta, kuma yanzu ya san abubuwa da yawa game da karnuka. Daga ƙarshen kwalta zuwa gida kuwa ba ta da abin sayarwa. Inna yanzu tana wuri uku: wayarsa, wayar Husaina, da wani kart da ya mayar cikin kwalin ashanar Salisu.

Sanarwa

Ni Ari, ɗan kamasho, ba ruwana da duk abin da ya biyo bayan bin waɗannan matakai. Forfe da ya ƙare, gyaɗar da aka ƙi sayarwa har ta yi ƙwari, yayar da ta fara kiran ka malam direba, duk kai ka danna, sau biyu ma, da jan rubutu a gabanka. Na yi alkawarin za ka san darajar manhaja, ban yi alkawarin za ka ji daɗin sanin ba. Wanda ya goge tasa kuma, kar ya zo tasha nemana. Ni ba ni da kwalin ashana, kuma Salisu ya bar rumfa.